Cork, Birnin Man Shanu da Tumbi a Kudancin Ayilan

Yawancin mutanenmu da ke zuwa ƙasar Ayilan a Dublin suke yada zango, domin can ne babban birni, kuma can jirage suka fi sauka, amma ni Allah ya nufa tafiyata ta zarce zuwa Cork, birni na biyu a girma a jamhuriyar, inda wani ƙanina yake aikin asibiti. Daga tashar Heuston ta Dublin, jirgin ƙasa kan ci kimanin sa'o'i biyu da rabi kafin ya shiga tashar Kent ta Cork, kuma kusan duk tsawon hanyar abin da ido ke gani shi ne filayen ciyawa kore shar waɗanda aka rarraba da shingaye, da shanu masu dabbaren baƙi da fari suna kiwo ba makiyayi a bayansu. Wanda ya kula da waɗannan shanu da kyau ya riga ya fara fahimtar garin da zai shiga, domin arzikin Cork na farko daga jikin saniya ya fito, kuma har yau abincin garin yana ba da labarin wanda ya ci tsokar da wanda aka bar wa ragowar.

Garin ba shi da girman da zai tsorata baƙo. Ƙidayar 2022 ta nuna mazaunansa sun kai kimanin dubu 224, kuma tsakiyarsa tsibiri ne, saboda kogin Lee yana rabuwa biyu kafin ya shigo gari, ya rungume kasuwanni da ofisoshi, sannan ya sake haɗewa ya nufi teku. Duk inda mutum ya dosa sai ya hau gada. Babban titin kasuwancinsu, wato titin St Patrick, a lanƙwashe yake, kuma dalilin lanƙwasar shi ne a da can hanyar ruwa ce, aka rufe ta aka shimfiɗa titi a kanta. A titin South Mall kuwa akwai tsofaffin gidaje masu matakala da ke hawa zuwa ƙofa a sama, da wata ƙofa a ƙarƙashi inda 'yan kasuwa ke shigar da kwale-kwalensu lokacin da ruwa ke bi ta wurin. A ƙafa na yi yawancin yawona, da rigar ruwa a kafaɗa ko da yaushe, domin yayyafin garin ba ya sallama kafin ya sauko.

Wurin da na fi daɗewa, kuma na yi ta komawa, shi ne rufaffiyar kasuwar abinci da ake kira English Market, wadda take ci tun 1788. Sunan ya samo asali ne a ƙarni na 19, lokacin da aka buɗe wata kasuwar a garin wadda jama'a suka riƙa kira kasuwar 'yan Ayilan, sai tsohuwar ta zama ta Ingilishi a bakin mutane. Gobara ta yi mata ɓarna a 1980 aka gyara ta, kuma Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta zagaya cikinta a ziyarar da ta kai ƙasar a watan Mayun 2011. Idan ka shiga ta ƙofar titin Princes, wata tsohuwar maɓuɓɓugar ruwa ta ƙarfe ce za ta fara tarbarka, sannan ƙamshin burodi da ƙarnin kifi da warin cuku su zo maka a lokaci guda. 'Yan kifi sun jera kayansu a kan dusar ƙanƙara, mahauta sanye da fararen riguna suna sara suna hira da masu ciniki da sunayensu, kuma abin da ya fi burge ni shi ne kasuwar ba ta zama ta 'yan yawon buɗe ido kaɗai ba, har yanzu tsofaffin matan gari suna zuwa da jakunkunansu su yi cefanen gida.

A kusa da ƙofar da ke fita titin Grand Parade na tsaya a gaban wata rumfa da ke sayar da tumbi, an wanke shi fari tas an jera shi a cikin faranti, kusa da wani abu mai launin toka da ake kira drisheen. Na tambayi ƙanina ko mene ne, sai ya ce, "Yaya, wannan kam ba namu ba ne, da jinin dabba ake yin sa." Tumbi da drisheen su ne abincin gargajiyar da aka fi sanin Cork da shi, kuma akwai dalilin da ya sa gari mai shanu haka ya shahara da kayan ciki maimakon tsoka. A ƙarni na 18 Cork na cikin manyan mayankan Turai. Ana yanka shanu bila adadin, a zuba wa naman gishiri, a cusa shi a ganguna, a loda wa jiragen ruwan yaƙin Birtaniya da jiragen da ke tafiya tsibiran Karibiyan, inda mafi ƙarancin darajar naman yake zama abincin bayin da aka kwaso daga Afirka suna noman rake. Abin da ba ya shiga ganga, wato tumbi da jini da ƙafafu da kawuna, shi ne rabon talakan da ya yi aikin fiɗa. Da na ji wannan bayani sai na daina kallon rumfar a matsayin abin mamaki, na koma ganin ta da mutunci, domin mutanen da suka riƙe abincin talaucin kakanninsu bayan sun samu wadata, ba su ji kunyarsa ba, mutane ne da suka san asalinsu.

Ban sayi tumbin kasuwar ba, saboda ina son naman da na tabbatar da yankansa. Amma a hawan titin Shandon akwai shagunan baƙi, har da mahautan halal da masu sayar da kayan abincin Afirka, kuma daga can ƙanina ya sayo, matarsa ta dafa mana shi yadda wata maƙwabciyarta 'yar gari ta koya mata. Ana tafasa tumbin har ya yi laushi, a tsiyaye ruwan, a mayar da shi cikin madara da albasa mai yawa, a jefa man shanu, a barbaɗa farin masoro, a ɗaure romon da ɗan gari, sannan a ci da dafaffen dankalin Turawa. Fari fat ya zo a kwano, ba ja ko kaɗan. Ta ajiye mini yaji a gefe tana cewa, "Yaya, ka fara ɗanɗana shi yadda suke ci tukuna." Na yi hakan, kuma gaskiya abinci ne mai taushi da ke kwanciya a ciki, irin wanda ya dace da mutumin da ya wuni cikin sanyi da danshi, ko da yake harshen da ya saba da attaruhu zai nemi ƙari bayan loma kaɗan.

Wani abin da na gani a kasuwar shi ne ƙwai mai sheƙi da aka shafe ɓawonsa da man shanu tun yana da ɗumi daga jikin kaza. Man yana toshe ƙofofin ɓawon, sai ƙwan ya daɗe bai lalace ba, dabarar da ta amfani masu doguwar tafiya a teku kafin zuwan firji. Akwai kuma naman sa da ake jiƙa shi da gishiri da kayan ƙamshi na tsawon kwanaki, wanda mutanen Cork ba sa bikin Kirsimeti ba tare da shi ba, da cuku iri-iri na ƙananan gonakin yammacin lardin Cork, irin su Gubbeen da Durrus da Milleens. Ga Musulmi, hanya mafi sauƙi a garin ita ce kifi, sai dai ko a nan tambaya wajibi ce, domin miyar kifinsu mai kauri da madara wasu kan sa mata naman alade ko ɗan ruwan inabi, kuma ƙullun da ake tsoma kifi a ciki kafin a soya wasu da giya suke dama shi. Ban taɓa tambaya aka ɓata mini rai ba. A gidan abincin da ke saman kasuwar, inda mutum ke zaune yana hangen masu ciniki a ƙasa, matar da ke kawo abinci ta tafi har madafa ta tambayo mini, ta dawo ta nuna mini abin da zan iya ci. Na ci kifin salmon mai hayaƙi da baƙin burodinsu wanda ba a sa masa yis, da soda da tsamin madara ake tayar da shi, mai nauyi a hannu, mai ɗan gardi a baki.

Man da aka shafa wa burodin nan shi ya kai ni unguwar Shandon washegari. Rawaya ne sosai, saboda shanun ƙasar ciyawa suke ci kusan duk shekara, kuma ɗanɗanonsa ya tuna mini da sabon man shanun da matan Fulani ke kawowa a ƙwarya yana yawo a kan nono, sai dai nasu da gishiri. A Shandon ne 'yan kasuwar garin suka kafa kasuwar man shanu a 1770, wadda a ƙarni na 19 ta zama mafi girma irinta a duniya, har zuwa rufe ta a 1924. Manoma daga yammacin Cork da lardin Kerry kan ɗauko man a ƙananan gangunan katako, su biyo hanyoyin da har yau ake kira hanyoyin man shanu, su iso da asuba. Sirrin kasuwar shi ne tantancewa: masu dubawa su soka ƙarfe cikin kowace ganga, su sansana, su ɗanɗana, su buga mata hatimin darajarta, ta yadda mai saye a Brazil ko Indiya ko Ostareliya zai biya kuɗi bisa amanar hatimin ba tare da ya buɗe ba. A ƙaramin gidan tarihin da ke wurin akwai gangar man da aka tono daga cikin fadama bayan ta yi kusan shekara dubu a binne. Na fito ina tunanin cewa madara da shanu ba su ne suka ɗaukaka Cork su kaɗai ba, domin wurare da yawa suna da su. Abin da ya bambanta ta shi ne ma'aunin da kowa ya yarda da shi.

Dab da gidan tarihin ne cocin St Anne yake, wanda aka gina a 1722, kuma hasumiyarsa ce alamar garin. Ɓangarori biyu na hasumiyar da jan dutse aka gina su, biyu kuma da fari, a ƙololuwarta akwai kifi mai ruwan zinariya da ke nuna inda iska ta dosa, sannan agogonta mai fuska huɗu ya yi suna wajen saɓa wa juna da 'yan mintoci. Ana barin baƙi su ja igiyoyin ƙararrawa takwas da ke ciki, shi ya sa mazauna unguwar suke wuni cikin amo. Na hau matsattsiyar matakalar dutsen, an ba ni abin toshe kunne, na fita baranda na ga garin gaba ɗaya: rassan kogin biyu, gidaje suna hawa tuddai a jere, da tsinin babban cocin St Fin Barre a can kudu.

Batun abin sha kuwa, ba zan ɓoye ba cewa zaman jama'ar Ayilan a mashaya ya fi ƙarfi. Can ake hirar ƙwallo da siyasa, can ake haɗuwa bayan jana'iza, can makaɗa ke zama da goge da sarewa da ganga mai fuska ɗaya. Cork tana da baƙar giyarta guda biyu, Beamish wadda ta faro a 1792 da Murphy's ta 1856, kuma 'yan gari suna fifita su a kan Guinness ta Dublin da 'yan Najeriya suka sani. Ni ban zauna a mashaya ba, kuma na san hakan ya rage mini wani sashe na hirar garin, amma kiɗan bai wuce ni ba, domin a titin Oliver Plunkett makaɗa suna tsayawa a fili da rana. Abin da ban zata ba shi ne in tarar da mutum-mutumin mai yaƙi da shan giya a bakin babban titin garin. Fada Theobald Mathew, limamin Katolika, ya fara kiran jama'a su yi alkawarin barin giya ɗungurungum a Cork a 1838, kuma cikin 'yan shekaru miliyoyin mutane suka ɗauki alkawarin a hannunsa. Har Frederick Douglass, baƙar fatar Amurka da ya tsere daga bauta ya zama mai fafutukar kawar da ita, ya gana da shi lokacin da ya zo Cork a 1845. Wanda ya ce ba ya sha a wannan gari yana da magabata a cikin 'yan garin kansu.

Shayi ne abin shan da ya haɗa ni da mutanen Cork. 'Yan Ayilan na cikin waɗanda suka fi kowa shan shayi a duniya, kuma a nan ba a maganar wani sai Barry's, kamfanin da aka kafa a garin a 1901, wanda yawancin ganyensa daga Kenya da Ruwanda da yankin Assam na Indiya yake zuwa. Suna dafa shi da kauri har ya yi ja, su zuba madara mai sanyi, su miƙo maka da gurasar da suke kira scone, an tsaga ta an cika da man shanu. Duk gidan da ka shiga, kafin ka zauna an ɗora buta. Akwai kuma lemon kwalba mai ɗanɗanon tanjarin da ake kira Tanora, wanda da wuya ka same shi da yawa a wajen lardin, kuma 'yan Cork da ke ƙetare suna kewarsa.

Sauran wuraren na bi su da sauri. Jami'ar garin, wadda aka kafa a 1845, tana alfahari da George Boole, farfesan lissafinta na farko, wanda tsarin tunaninsa na lissafi ya zama ginshiƙin aikin kwamfuta. Titunan tsakiyar gari kuwa suna ɗauke da tabon yaƙin neman 'yanci: a 1920 aka harbe magajin gari Tomás Mac Curtain a gidansa, wanda ya gaje shi, Terence MacSwiney, ya rasu a kurkukun Brixton na Landan bayan yajin cin abinci na kwana 74, sannan a daren 11 ga Disamba dakarun Birtaniya suka cinna wa titin St Patrick da zauren majalisar gari wuta. Shi ya sa yawancin manyan shagunan titin ginin bayan wannan shekara ne. Akwai kuma zaren da ya ɗaure Cork da Arewacin Najeriya kai tsaye, domin a nan ne hedikwatar reshen Ayilan na SMA take, wato ƙungiyar limaman Katolika masu aikin mishan a Afirka, haka ma ta OLA, ƙungiyar mata 'yan mishan na Katolika, kuma daga waɗannan gidaje malamai da yawa suka tafi Kaduna da Jos. Kwalejin Rimi da Kwalejin Sarauniya Amina da ke Kaduna duk makarantun mishan ne a asalinsu. Wani dattijo da muka zauna kujera ɗaya a bas, da ya ji daga inda na fito, ya ce mini gwaggonsa ta yi shekaru tana koyarwa a Najeriya, kuma irin wannan magana ba baƙuwa ba ce a garin.

Ziyarar da ta fi taɓa ni ita ce ta Cobh, ƙaramin garin bakin teku da jirgin ƙasa ke kaiwa cikin ƙasa da rabin sa'a daga tashar Kent. Gari ne kyakkyawa, gidaje masu launi-launi sun gangaro daga tudu a jere, babban cocin St Colman mai ƙararrawa 49 yana tsaye a samansu. 'Yan yawon buɗe ido sun fi zuwa saboda Titanic, domin nan ne tashar ƙarshe da jirgin ya tsaya ranar 11 ga Afrilun 1912, ya ɗauki fasinja 123 kafin ya nutse a tekun Atlantika. Amma babban labarin wurin ya fi na jirgi ɗaya. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin da talakawa suka dogara da shi, yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kimanin miliyan ɗaya suka bar ƙasar, alhali jirage ba su daina fita da hatsi da shanu da man shanu daga tashoshinta ba. Daga 1848 zuwa 1950, kimanin mutum miliyan biyu da rabi ne suka yi ƙaura ta wannan gaɓa. A bakin ruwa akwai mutum-mutumin Annie Moore da ƙannenta maza biyu, yarinyar da ta tashi daga nan ta zama ta farko da aka yi wa rajista a tashar baƙi ta tsibirin Ellis a New York ranar 1 ga Janairun 1892. Na tsaya a wurin tare da ƙanina, wanda shi ma neman abinci ne ya raba shi da gida, na ga yadda ƙasar da ta yi ƙarni guda tana sallamar 'ya'yanta ta koma mai karɓar 'ya'yan wasu a asibitocinta da masana'antunta.

Ga wanda ke da niyyar zuwa, ya sani cewa bizar Ayilan daban take da ta Birtaniya, kuma ƙasar ba ta cikin yankin Shengen, don haka ɗan Najeriya sai ya nemi tata ta musamman. Kuɗinsu yuro ne, motoci kuma ta hagu suke bi. A watan Yuni, lokacin da na je, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai, saboda haka tsakanin Isha'i da Asuba ɗan taƙi ne, kuma gara mutum ya karɓi jadawalin salla daga ɗaya daga cikin ƙananan masallatan garin tun ranar da ya sauka. Kasuwar English Market ba ta ci ranar Lahadi, kuma da hantsi ya fi kyau a je ta, kafin kifin safe ya ƙare.